An Hana Baba Shiga Barga

SHAFI NA 27

Masu cika min waya da ƙorafin wai na cika tausaya wa Baba, to ku gyara zama, yau ranarku ce. Ni kam da son samu ne da na tsallake wannan shafin.

Wanda ya shigo yau kuma kada ya ce an bar shi a baya. Baba shi ne mutumin da kotu ta samu da laifin barin dawakansa da yunwa da ƙishi har uku suka mutu a ɗaure. Ta haramta masa kiwon doki da taka ƙafa cikin kowace barga, in ya karya kuwa sai gidan yari. Ƙungiyar masu dawakai ma ta ce duk bargar da aka gan shi a ciki, a bakin lasisinta. Bargar yanzu tana hannun 'yarsa Auta, tana koya wa mutane hawa, tana kuma jinyar Kili, dokin da ya tsira da ransa a waccan masifar.

*

Likitan dabbobi ya ɗaga ƙafar Kili ta gaba, ya ɗora a cinyarsa, ya goge kofaton da babban yatsa. Sai ya ɗaure fuska.

Auta ba ta lura ba. Tana tsaye da buroshi a hannu, baki har kunne.

"Kawu, ka ga yadda ya murmure? Haƙarƙarin nan da muke gani duk ya ɓace. Ka ce min sannu mana."

"Sannu."

"Haba Kawu, wannan sannun ai ko a bara aka ba ni sai na mayar."

Likita bai yi dariya ba. Abokin Baba ne tun suna samari, shi ya sa Auta take ce masa Kawu. Shi ne kuma ya tsaya a gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani ranar da aka ɓalle ƙofar bargar nan, tun daga lokacin ko gaisuwa ba ta sake haɗa shi da Baba ba.

Ya sauke ƙafar, ya ɗaga ɗayar.

"Wa ya gyara masa kofato?"

"Mai gyaran da ke zuwa mana ne mana."

"Kin gan shi yana yi?"

"A'a... na dai dawo na tarar an yi."

"Mai gyaranku da dama yake riƙe wuƙa. Wannan yankan daga hagu ya taso." Ya miƙe yana dafa ƙugu. "Auta, a duk masu taɓa doki da na sani, mutum ɗaya ne ke yanka haka."

Buroshin ya kusa suɓuce mata. Bahago. Sunan da abokan Baba ke kiransa da shi ke nan.

"Kawu, Baba yana gida. Ko titin nan ba ya biyowa."

"Kili yana cin abinci a gabanki?"



"Ba ya ci in ana kallonsa. Kunya gare shi. Nakan zuba masa in tafi da ɗalibai fili, kafin in dawo ya cinye tas."

"Doki da kunya." Likita ya girgiza kai. "Ɗauki motarki ki fita kamar kullum. Ki ajiye ta a bayan shagunan can, ki dawo da ƙafa. Ina ofis."

"Kawu..."

"In na yi ƙarya zan ba ki haƙuri a gaban kowa."

*

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin barga, sirdi rataye a bango, buhunan dusa a kusurwa, taga ɗaya tana kallon layin dawakai. Suka tsaya a bayan labule kamar ɓarayi a gidansu.

Auta tana ta addu'a a ranta Allah ya kunyata Likita. Wallahi ni ma da nake rubutawa ita nake yi.

Hantsi ya ɗaga. Ba kowa.

"Ka gani ko?" ta ce a hankali.

Ba ta rufe baki ba suka ji ƙarar makulli a ƙofar baya, wadda ake fitar da kashin dawakai ta cikinta. Ƙofar da Auta ta yi imani makullinta ɗaya ne a duniya, kuma yana jakarta.

Sai fito. Siriri, ya hau sama, ya karye, ya sauko a hankali.

Kili, da tun safe ya juya wa kominsa baya, ya ɗaga kai ya yi haniniya har sai da kwanon rufi ya amsa.

Baba ya shigo yana sanɗa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsoma hannu a komin ya cakuɗa dusar da Auta ta zuba, ya ɗebo a tafin hannunsa ya miƙa. Dokin ya kafa baki yana ci kamar wanda ya kwana biyu bai ga abinci ba.

"A hankali, ɗan nema," Baba yana cewa. "Ba mai ƙwace maka."

 Ashe duk murnar da take yi, duk hotunan da take turawa mutane tana cewa ga aikin hannunta, ko loma ɗaya dokin nan bai taɓa ci don ita ba.

Likita ya tura ƙofa ya fita.

"Bahago."

Dusar ta zube daga hannun Baba. Ya waiwayo ya ga Likita, ya ga Auta a bayansa. Bai yi yunƙurin gudu ba, ina ma ƙarfin?

"Rana dubu ta ɓarawo," ya ce da murmushin da bai kai ido ba. Ya dubi Likita. "Dogo, har yanzu hancinka na nan."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka dawo da shi daga wurinku."

"Makullin fa?"

"Ni na sa ƙofar nan da hannuna. Ka taɓa ganin mai gida da makulli ɗaya?"

"Ba kai ne mai gida ba yanzu. Kotu ta faɗa maka."

Auta ta shiga tsakaninsu da sauri.

"Baba, me ya sa ba ka gaya min ba?"

"In gaya miki ki zama abokiyar laifi? Gara ki rantse ba ki sani ba, kuma rantsuwarki ta zama gaskiya."

"Ka san abin da za su yi min in aka gan ka a nan? Lasisin, ɗaliban, komai!"

"Na sani."

"Ka san abin da za su yi maka?"

"Shi ma na sani. To in bar shi ya mutu? Ba ya cin na hannun kowa, Auta. Haka na hore su dukansu tun suna duƙusai. Sai sun ji fitona, sai sun ji ƙamshin hannuna. Don kada wani ya yaudare su da abinci ya sace, ko ya ba su abin da zai cuce su."

"Don kada kowa ya iya da su sai kai," Likita ya ce. "Faɗi gaskiya. Sau nawa na ce maka wannan horon ba dabara ba ce, girman kai ne? Na ce maka ranar da ka kwanta fa? Ka ce min Bahago ba ya kwanciya."

Baba ya sunkuyar da kai.

Likita ya zaro waya daga aljihu.

Auta ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Kawu, don Allah. Don darajar Mama da ke kabari."

"Sake ni, Auta."

"Gidan yari fa za su kai shi! Dubi jikinsa. Wata ɗaya ba zai yi ba."

"Ina cikin kwamitin da ya kafa dokar nan. In na rufe ido don abokina ne, gobe da wane baki zan hana wani? Kin san mutum nawa aka kora suke jiran a buɗe wannan ƙofar su biyo ta ciki?"

"Baba ba irinsu ba ne! Su mugunta ce, shi ciwo ne. Mama ta rasu, ya faɗi, bai san inda kansa yake ba. Kowa ya ji a kotu. Da ya san halin da suke ciki, wallahi da rarrafe zai zo ya ba su ruwa."

Likita ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya mayar da idonsa kan Baba.

"Haka ka bar ta da shi?"

Baba ya juya fuska wajen Kili.

"Bahago, ni na yi shiru a kotu saboda ba a tambaye ni ba. Amma yarinyar nan tana shirin jefa rayuwarta a wuta a kan maganar da ni da kai mun san ba haka take ba. Ko ka faɗa mata, ko in faɗa."

"Wace magana?" Auta ta saki hannun Likita. "Baba, wace magana?"



Baba ya jawo bokiti ya kifa, ya zauna a kai. Kili ya miƙo wuya yana shinshinar kafaɗarsa.

"Lokacin kina makaranta," ya ce. "Muna zaune a gidan nan na jikin barga. Kin tuna ɗakina?"

"Na tuna."

"Ina tagarsa take kallo?"

Ta tuna. Bargar take kallo.

"Ina jin su, Auta."

"A'a."

"Ban suma ba. Ban fita hayyacina ba. Lauya ne ya ce a faɗi haka, ni kuma na bar shi ya faɗa. Ina kwance a kan gadon mamanki, idona biyu. Ranar farko suna haniniya, na ce bari in ɗan huta, anjima. Anjima ta yi na ce gobe da sassafe."

"Baba, ka daina."

"Suka koma dukan ƙofa da ƙafa. Ina rarrabe dukan kowanne. Na baƙin dokin nan Akawal daban, na goɗiyar nan mai ciki daban. Maƙwabci ya zo ya buga min ƙofa, ya ce in ba shi makulli ya ba su ruwa. Na ce masa ta taga, na sa mai kula da su, ya tafi abinsa."

"Me ya sa?" Muryarta ta fashe. "Me ya sa ba ka ba shi ba?"

"Kada a ce Bahago ya kasa."

Ya share fuska da tafin hannu, dusa ta manne masa a gemu.

"Daga baya kuma kunya ta hana ni. Na san in na buɗe ƙofar zan ga abin da na yi. Sai na ja bargo na rufe kaina. Dukan yana raguwa, yana raguwa. Ranar da na ji shiru, Allah ya gafarta min, barci na yi. Barcin da ban samu ba tun rasuwar mamanki."

Auta ta ja da baya har bayanta ya bugi ginshiƙi.

Goɗiyar nan mai ciki tata ce. Baba ne ya ba ta ranar da ta ci jarrabawa. Da aka ce mata ta mutu, ita ce ta rungume Baba a harabar kotu tana ce masa ba laifinsa ba ne, ƙaddara ce. Ita ce ta daina gaida maƙwabcin nan saboda ya ba da shaida. Ita ce ta yi faɗa da duk wanda ya kira ubanta azzalumi, har ƙawaye ta rasa a kan haka.

"Shi fa?" ta nuna Kili ba tare da ta dube shi ba.

"Akwai inda rufi ke yoyo a kansa," in ji Likita. "Shi ya cece shi. Mun same shi a tsaye, fuskarsa na kallon ƙofa. Mun kawo ruwa, mun kawo ciyawa, ya ƙi. Da allura muka riƙe ransa."

"Mutane in sun ga yana cin na hannuna za su ce ya yafe min," Baba ya ce. "Ba yafiya ba ce. Bai san wani hannun ba ne. Ni na yi masa haka."

Auta ta juya ta shige ofis ta rufe ƙofa.

*

Suka rage su biyu, tsofaffin abokai, da doki a tsakaninsu.

"Ka huce?" Baba ya tambaya.

"Kana ganin daɗi nake ji?"

"Kira su, Dogo. Na gaji da sanɗa."

Likita ya dubi wayar da ke hannunsa. Ya dubi ƙofar ofis, inda ake jin ruwa na zuba a famfo. Ya tuna ranar da aka haifi yarinyar nan, Bahago ya zo asibitin dabbobi da gudu yana ihu har ya firgita masa marasa lafiya. Ya tuna abubuwa da yawa da ba su da amfani yanzu.

Ya mayar da wayar aljihu.

"Ba ni makullin."

Baba ya ciro shi daga igiyar da ke wuyansa ya miƙa.

"Yau ban zo bargar nan ba," Likita ya ce, muryarsa a dushe. "Ban ga kofato ba, ban ga kowa ba. Ba don kai ba, don ita. Ta rasa uwa, yau ta rasa uban da ta sani, ba zan ƙara mata da zaryar gidan yari ba. Amma in na sake jin ƙamshinka a nan, Bahago, ko a mafarki ne, da kaina zan kai ka."

"Kili fa?"

"Zan koma masa allura har ya koyi cin na wani. Ko ya koya, ko..." Bai ƙarasa ba.

Ƙofar ofis ta buɗe. Auta ta fito, ta wanke fuska, idanunta jawur. Ba ta dubi Likita ba. Ta wuce kai tsaye ta durƙusa a gaban Baba.

"Koya min fiton."

Baba ya ɗago.

"Auta..."

"Koya min. Yanzu."

"Ba abin rana ɗaya ba ne, 'yata. Ki bari ki huce. Kawunki ya yi mana rangwame, ya ce..."

"Baba, don Allah kada ka ɓata lokaci. Yaya ake sa harshen?"

Ya dube ta da mamaki. A rayuwarsa bai taɓa koya wa kowa fiton nan ba, ko mamanta ta roƙa da wasa ya hana. Sai ga shi yau ya gyara zama a kan bokiti kamar malami.

"Naɗe harshen ya taɓa bayan haƙoran ƙasa. Kada ki hura da ƙarfi. Ki fara kamar kina kiran wanda ke kusa, sannan ki ja shi sama."

Ta gwada. Iska kawai ta fito.

"Leɓenki na rawa. Tsayar da shi."

Ta sake. Wani sauti ya fito kamar na buta a kan wuta.

Baba ya yi 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa. "Haka mamanki take yi in tana kwaikwayona."

"Sake yi in ji."

Ya yi. Kili ya kaɗa kunne.

"Kawo hannunki." Ya kama tafinta ya murza a cikin nasa, ya murza a wuyan rigarsa, sannan ya ɗebo dusa ya zuba mata. "Tsaya ta hagunsa, nan nake tsayawa. Kada ki kalle shi cikin ido. Yi fiton, ki miƙa."

Ta yi. Ya hau, ya karye a inda bai kamata ba, ya sauko a karkace.

Kili ya shinshina hannun. Ya ɗaga kai ya dubi Baba. Ya sake shinshinawa.

"Ci mana," Baba ya ce a hankali. "Ci, ɗan nema. 'Yata ce. Ta fi ni."

Dokin ya taɓa dusar da leɓe, ya ɗan lasa, ya janye kai.

"Ya lasa!" Likita ya ce. "Wallahi ya lasa. In aka yi ta yi a hankali..."

"Da na yi haka tun suna duƙusai," Baba ya ce, "da yanzu goɗiyarki na nan da ɗanta. Abin da zai ɗauke ni yini ɗaya. Kai, Bahago. Kai, Bahago."

Da-na-sani ƙeya ce, Baba. Ba mu da abin ce maka.

"Sake nuna min inda yake karyewa," Auta ta ce da sauri, tana waiwayen ƙofar gaba. "Sau ɗaya kawai."

"Wai saurin me kike yi ne? Gobe ma ki zo gida in..."

Ƙarar mota ta katse shi. Ta tsaya a bakin babbar ƙofa. Aka buɗe murfi, aka rufe. Aka sake buɗe wani, aka rufe. Ta cikin ramin ƙofar suka hango farar motar jami'an kula da dabbobi, da ɗan sanda yana gyara hula.

Baba ya miƙe a hankali, ya dubi abokinsa.

"Dogo. Ka ce ba ka zo ba."

"Wallahi tallahi ban kira kowa ba!" Likita ya zaro wayar yana nuna masa. "Duba! Duba da idonka! Na ce na bar maganar, kuma na bar ta!"

Auta ta juyo da sauri.

"Ka bar ta?"

"Na karɓi makulli, na ce ya tafi gida. Kina ciki lokacin."

Dusar da ke tafinta ta soma zuba ƙasa ta tsakanin yatsunta.

Aka buga ƙofa.

"Salamu alaikum! Wa ya kira mu a nan?"

Baba ya dubi Likita. Likita ya dubi Auta.

"Baba..." ta ce. "Ni ce."